Khan Na Talabijin Da Khan Na Sinima: Amsoshin Tambayoyin 'Yan Majalisarmu Ta Kallo A Jos

Duk daren Asabar, in an idar da sallar Isha'i, mukan taru a wani shago da ke kusa da Bauchi Road, mu haska majigi a jikin bango, mai shayi na gefe, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. A watan jiya mun kalli abu biyu a jere. Na farko wata fitowa ce ta tsohon shirin talabijin na Amurka, Star Trek, mai suna "Space Seed". Na biyu fim ne na sinima, Star Trek II: The Wrath of Khan, wato fushin Khan. Tun daga ranar ban huta da tambaya ba, har a kasuwar Terminus an tare ni. Ga waɗanda aka fi maimaitawa. Wanda bai kalla ba ya sani, zan fasa ƙwai, babu abin da zan ɓoye na labarin.

Wai me ya haɗa su ne, tunda ɗaya na talabijin ne ɗaya na sinima?

Mutum ɗaya ne ya haɗa su, da hukunci ɗaya. An nuna "Space Seed" a tashar NBC ranar 16 ga Fabrairu, 1967, a zangon farko na shirin. A nan ne Kyaftin Kirk na kumbon Enterprise ya fara gamuwa da Khan Noonien Singh, kuma a mintunan ƙarshe ya yanke masa hukunci. Fim ɗin ya fito ranar 4 ga Yuni, 1982, bayan shekara 15, ya zo ya tambayi Kirk abin da wancan hukunci ya haifa. 'Yan wasan ma su ne dai: William Shatner a matsayin Kirk, Leonard Nimoy a matsayin Spock mataimakin Kirk, DeForest Kelley a matsayin Likita McCoy, sai Ricardo Montalbán a matsayin Khan. Ba a nemo wasu aka shafa musu hodar tsufa ba. Furfurar da ka gani a 1982 shekaru ne suka kawo ta, ko da an ɗan ƙara mata armashi.

Malam, ai an rubuta "II" a jikin sunan. Ba ci gaban fim na ɗaya ba ne?

Wannan ya rikita mutane da yawa, musamman mu da muka saba da na ɗaya da na biyu a finafinan Hausa, inda na biyu ke ɗorawa daga daidai inda na ɗaya ya tsaya. Akwai fim na ɗaya, Star Trek: The Motion Picture, na 1979, amma babu Khan a cikinsa, labarinsa daban. Lambar "II" lissafin finafinan sinima ce kawai. In labari ake bi, na ɗayan wannan fim yana talabijin.

To dole sai na kalli fitowar kafin fim ɗin?

Ba dole ba ne, fim ɗin yana bayanin kansa. Khan da bakinsa yake ba da tarihin a farkon fitowarsa. Amma in ka tsallake, za ka ga bos ne kawai mai ƙaton ƙirji yana huci, ba za ka san mutumin da aka yi asara ba. Minti hamsin ne, ka daure.

Me ya faru a cikin "Space Seed" ɗin? Wasunmu sun makara ranar.

Enterprise na cikin tafiya sai ta ci karo da wani tsohon kumbo yana yawo shi kaɗai, sunansa Botany Bay, ƙirar ƙarni na 20. Aka shiga aka tarar da mutane kwance a akwatuna, an sa su wani barci mai tsayar da shekaru. Su 84 ne, akwatunan 12 sun lalace, 72 na da rai. Shugabansu ya fara farkawa, ya kusa mutuwa, Kirk ya fasa akwatin ya fito da shi, McCoy ya yi jinyarsa. Tukwicin farko da likitan ya samu shi ne wuƙar tiyata a maƙogwaro.

A hankali Spock ya gano ko wane ne. A labarin, wasu masana kimiyya sun yi ta zaɓen iri a cikin 'yan Adam, kamar yadda manomi ke ware iri mai kyau, har suka samar da mutane masu ƙarfi da kaifin ƙwaƙwalwa fiye da kowa. Waɗannan suka ƙwace mulki a ƙasashe da dama. Khan ya mulki kashi ɗaya cikin huɗu na duniya, daga Asiya zuwa Gabas ta Tsakiya, tsakanin 1992 da 1996. Da aka kifar da su sai ya tsere sama da mutanensa.

Kirk ya karrama baƙo, har liyafa aka yi masa, aka kuma bar shi ya karanta littattafan da ke bayanin injinan kumbon. Kuskure ke nan. Khan ya ja hankalin Marla McGivers, jami'a masaniyar tarihi, ta taimaka masa ya tashi mutanensa, suka ƙwace Enterprise. Ya toshe wa ɗakin tuƙi iska har kowa ya suma, ya jefa Kirk a wani ɗaki da ake zuƙe iskarsa, ya ce wa sauran jami'ai ko su bi shi ko su ga mutuwar kyaftin ɗinsu. Babu wanda ya bi shi. Marla ta kasa jurewa, ta saki Kirk. Aka yi dambe a ɗakin inji, Khan na alfaharin ya ninka Kirk ƙarfi sau biyar, Kirk ya zaro wani sanda daga jikin na'ura ya kwantar da shi da duka.

Khan ɗin nan Ba'indiye ne? Na ɗauka Musulmi ne saboda sunan.

Wani ƙanena da ya tashi a kan finafinan Indiya ne ya fara tambayar nan, shi da ya ji Khan sai ya tuna su Shah Rukh da Salman. A cikin fitowar, Marla ta dube shi yana barci ta ce ga alama daga arewacin Indiya yake, wataƙila Basikhe ne, har ta zana hotonsa da rawani. Singh kuwa suna ne da aka san mabiya addinin Sikh da shi. To ka ga an haɗa sunan da aka fi sani a wajen Musulmi da na Sikh a kan mutum ɗaya, kuma babu inda aka nuna shi yana wata ibada. Ɗan wasan kansa ɗan Meziko ne, an haife shi a birnin Meziko a 1920, ya rasu a 2009. Haka Hollywood ɗin wancan zamani take, duk mai ɗan duhun fata da baƙon harshe ana iya ba shi kowace ƙasa. A talabijin sun ƙara masa duhu da kwalliya, a fim ɗin 1982 suka bar shi da fatarsa.

Mutum ya yi yunƙurin kashe ka, me ya sa Kirk bai kai shi kotu ba?

Nan ne cibiyar maganar duka. Bayan an kama Khan, Kirk ya zauna zaman shari'a, kowa na jiran ya ce a kai su gidan gyaran hali. Sai ya soke tuhumar. Ya ce ɓarna ce a kulle irin waɗannan mutane, ya ba su wata duniya mai suna Ceti Alpha V, wuri mai wahala amma ana iya rayuwa a cikinsa, ya ce su je su mallake ta. Ya ba Marla zaɓi, ko kotun soja ko ta bi Khan. Ta bi shi.

Sunan kumbon Khan ma yana da nasa saƙon. Botany Bay wani gaɓar teku ne a Ostiraliya wanda sunansa ya shahara da jigilar fursunonin Birtaniya, kuma Kirk ya ambaci hakan. Wato yana ganin abin da ya yi irin wancan ne, a kai masu laifi nesa su gina sabuwar ƙasa.

Akwai kuma abin da ban so a tsallake. Kirk yana sha'awar Khan. Tun kafin rikici, shi da McCoy da Scotty injiniyan kumbon sun zauna suna yaba shi, suna cewa a cikin azzaluman zamaninsa shi ne na kirki, ba a yi kisan kiyashi a mulkinsa ba. Spock ya tsaya yana kallonsu da mamaki, ya tuna musu cewa 'yanci ma babu. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa ya ji ana kewar mulkin soja, ana cewa ai lokacin akwai tsari, ya san wannan hira. Khan da kansa abin da ya faɗa a wajen liyafa ke nan da aka tsokane shi: su tsari suka kawo wa duniya. Saboda haka afuwar Kirk ba tausayi zalla ba ce, akwai girmamawar namiji ga namiji a ciki, kuma ita ta rufe masa ido.

Da za su tafi, Khan ya tambayi Kirk ko ya karanta Milton, mawaƙin Ingila. Abin da yake nufi wani baiti ne da Milton ya sa a bakin Shaiɗan, cewa gara mulki a wuta da bauta a aljanna. Mutumin ya faɗa maka wanda yake koyi da shi, kai kuma ka yi murmushi ka sallame shi. Daga nan Spock ya ce zai so a dawo bayan shekara ɗari a ga abin da irin da Kirk ya shuka ya tsiro. Sunan fitowar ke nan, irin da aka shuka a sararin sama. Ba a kai ɗari ba.

Me ya same su a can da har Khan ya haukace haka?

Wata shida da sauke su, duniyar da ke maƙwabtaka da su, Ceti Alpha VI, ta tarwatse. Wannan ya gusar da tasu daga hanyar da take bi, ta koma hamada mai guguwa ba dare ba rana. Dabba ɗaya ta rage a wurin, wani ƙwaro da 'ya'yansa ke shiga kunnen mutum su naɗe a ƙwaƙwalwa, mutum ya zama sai abin da aka ce masa, daga baya hauka, sai mutuwa. Khan ya ce ƙwaron ya kashe masa mutum 20, har da matarsa. Sauran suka rayu a cikin akwatunan kaya na ƙarfe.

Yadda aka same su ma tsautsayi ne. Kumbon Reliant na neman duniyar da babu rai a cikinta don wani gwaji, Kyaftin Terrell da mataimakinsa Chekov, tsohon jami'in Enterprise, suka sauka suna zaton Ceti Alpha VI ce. Chekov ya ga sunan Botany Bay a jikin wani ƙarfen ɗamara, ya ce su gudu, amma an makara.

To laifin wa ne, Kirk ko Khan?

A kan wannan aka kusa raba majalisa, har shayi ya huce. Wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce: "Yaro, wanda aka yi wa afuwa ba shi da bakin ƙorafi. Da an bi doka da yana kurkuku." Wani matashi ya ce masa: "Baba, da kurkukun ai da matarsa na raye."

Ni ga inda na tsaya. Kirk bai tarwatsa duniyar ba, ba shi da hannu a wannan. Laifinsa shi ne bai waiwaya ba. Shekara 15, babu wanda ya leƙa, babu saƙo, kuma ga alama ko a taswirar rundunarsu ba a sa alamar gargaɗi ba, tunda mutanen Reliant sun faɗa ciki ido rufe. Khan ya faɗi hakan ƙarara, cewa Kirk bai taɓa damuwa ya duba halin da suke ciki ba. Mu a Jos mun san irin wannan. Ka fita wajen Bukuru ko Rayfield ka ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda suka haƙa sun gama nasu sun tafi, ramin ya zama na waɗanda ke zaune a wurin.

Wannan ita ce dabarar fim ɗin da ta fi burge ni. Tsarin shirin talabijin na wancan lokaci shi ne kowane mako sabon labari. Kirk ya isa wata duniya, ya warware matsala cikin minti hamsin, ya yi raha da McCoy, kumbo ya wuce, mako mai zuwa ba mai tuna abin da ya gabata. Fim ɗin ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan makonni ya ce a'a, akwai mutanen da aka bari a baya, kuma suna ƙirga kwanaki. Ba Khan kaɗai ba ne ma. A cikin fim ɗin dai Kirk ya gamu da Carol Marcus da ɗansu David, wanda ya girma bai san ubansa ba. Bashi biyu suka zo masa a mako guda, ga shi ya zama Admiral mai zaman ofis, ranar zagayowar haihuwarsa McCoy ya ba shi kyautar tabarau saboda ido ya fara gajiya.

Amma kada a wanke Khan. Ya yanka ma'aikatan tashar bincike ta Regula I waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ya buɗe wuta a kan Enterprise alhali cike take da ɗalibai 'yan koyo. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, haka ne, sai dai akasarin waɗanda ta ƙona ba su da hannu a gayyar.

Ina Marla? Me ya sa ba a nuna ta ba?

Ta mutu kafin fim ya fara, ita ce matar da Khan ke nufi, ko da yake bai ambaci sunanta ba. Madlyn Rhue, wadda ta fito a matsayinta a 1967, ta kamu da wata cutar jijiyoyi da ta kai ta ga keken guragu, masu fim ɗin kuma ba su ba wata matsayin ba.

Wata ɗaliba da ke zuwa kallo tare da yayanta ta ce ita soyayyar ce ma ba ta gamsar da ita ba. Tana da gaskiya. A fitowar, Khan ya warware mata gashi ba da izininta ba, ya murɗe mata hannu har ta durƙusa, ita kuma jami'a mai ilimi ta ci amanar aikinta cikin kwana kaɗan. Rubutun 1967 ne, kuma ya tsufa. Fim ɗin ya ɗauki wannan alaƙa ya mai da ita babbar soyayya da ake ɗaukar fansa dominta, ya dogara da cewa ba za ka tuna yadda ta fara ba.

Khan ya ce ya gane fuskar Chekov. Mun duba, babu Chekov a fitowar. Yaya ke nan?

Idonku ƙalau. Walter Koenig, wanda ke fitowa a matsayin Chekov, bai shiga shirin ba sai a zango na biyu, "Space Seed" kuwa a na farko take. Masoya shirin sun daɗe da ɗinke ɓarakar da cewa Chekov na cikin kumbon, yana aiki a wani sashe da kyamara ba ta kai ba, wanda ba abin mamaki ba ne a jirgi mai mutum sama da 400. Koenig kansa yakan yi barkwanci cewa Chekov ne ya daɗe a banɗaki ya bar Khan a tsaye a matse, shi ya sa bai manta fuskar ba.

Akwai wasu ɓarakar. Mutanen Khan a talabijin sa'o'insa ne, daga jinsi daban-daban. A fim sai ga su matasa, yawancinsu farare masu gashi ruwan zinare, kamar shekarun shi kaɗai suka taɓa. Na hannun damansa a talabijin Joaquin ne, a fim Joachim. Sannan ta yaya kumbo mai na'urori irin Reliant zai shiga wuri bai lura duniya guda ta ɓace ba? Wannan ba ni da abin kare shi.

Fitowa 79 aka yi. Me ya sa wannan aka zaɓa?

Kuɗi da bos. Fim na 1979 ya ci sama da dala miliyan 40, kuma mutane da yawa sun ce ya cika jan jiki. Kamfanin Paramount ya janye ragamar daga hannun Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, aka bar shi a matsayin mai ba da shawara, aka kawo Harve Bennett, furodusan talabijin da ya iya tattali. Bennett bai san shirin sosai ba, sai ya zauna ya kalli fitowar duka. Ya ga abin da fim na farko ya rasa shi ne abokin gaba mai jini a jika, ya same shi a Khan, ga kuma labarin an bar ƙofarsa a buɗe. Nicholas Meyer ya ba da umarni, shi ne kuma ya haɗe rubuce-rubucen da aka yi ta yi ya fitar da guda cikin kwana 12, ba a ma sa sunansa a marubuta ba. An kashe kusan dala miliyan 12, fim ɗin ya tara sama da miliyan 14 a ƙarshen makon farko kaɗai. Ɗaliban fim da ke garin nan, masu kukan rashin kuɗi kullum, su riƙe wannan lissafi.

Da gaske Kirk da Khan ba su haɗu ido da ido ba a fim ɗin?

Da gaske. A talabijin sun ci abinci tare, sun yi dambe. A fim kuwa ta allo da na'urar magana kawai suke zantawa. Shatner da Montalbán ba su yi wasa tare ba, a lokuta daban aka ɗauki kowa, domin ɗakin tuƙin Reliant shi ne dai na Enterprise aka sauya masa fasali don tsimi. Montalbán da wani mai karanta masa layukan Kirk yake magana. Yawancin 'yan majalisarmu ba su lura ba sai da na faɗa, wani ma ya yi musu har sai da muka mayar.

Khan ɗin talabijin da na fim kamar ba mutum ɗaya ba.

Da gangan ne. Na 1967 sarki ne, mai sanyin magana, mai haƙurin jiran lokaci, burinsa mulki. Na 1982 ba ya son komai sai Kirk. Akwai inda Joachim ya ce masa, ga kumbo mun samu, mun kuɓuta, mu tafi mana. Ya ƙi. Khan na farko da ya tafi. Littattafan da ke kan kantarsa ma sun nuna sauyin: Milton na nan, amma ga Moby-Dick kusa da shi, labarin kyaftin ɗin da ya halaka jirginsa da mutanensa wajen farautar kifi ɗaya da ya cire masa ƙafa. Kalaman wannan kyaftin ne Khan ke maimaitawa har numfashinsa na ƙarshe.

Montalbán ya yi shekaru yana fitowa a matsayin mai masauki mai fara'a a shirin Fantasy Island, har ya ji tsoron mutane ba za su ga Khan a jikinsa ba. Sai da ya koma ya kalli "Space Seed" sau da dama kafin ya kamo muryar.

Mene ne Genesis, kuma yana cikin fitowar?

Babu shi a fitowar, sabon abu ne. Na'ura ce da Carol da David suka ƙera, wadda a labarin in aka harba ta a matacciyar duniya sai ta rikiɗe ta zama mai ruwa da tsirrai. In kuma akwai rai a wurin, sai ta shafe shi. 'Yan'uwanmu Kirista da ke majalisar sun gane sunan nan take, sunan littafin farko ne na Littafi Mai Tsarki, wanda a Hausa ake kira Farawa. Wasu sun ji abin ya yi musu nauyi, mutum na iƙirarin halitta. Fim ɗin ma bai bar maganar ta wuce ba, McCoy ya tashi da faɗa a kai tun da aka nuna musu. In ka lura, Khan kansa abin da masana suka ƙera ne da niyyar gyara ɗan Adam, sai ga shi ya ɗora hannu a kan wani abin da aka ƙera da niyyar gyara duniya.

Ɗan guntun hoton da ke nuna yadda Genesis ke aiki, da kwamfuta aka yi shi gaba ɗaya, abin da ba a saba gani ba a 1982. Sashen kwamfuta na kamfanin Lucasfilm ne ya yi, wanda daga baya ya zama Pixar.

In ya fi kowa ƙwaƙwalwa, yaya aka yi aka ci shi?

Mai laya, kiyayi mai zamani. Karo na farko Kirk ya yi amfani da wata lambar sirri da kowane kumbon rundunar ke da ita, ya kashe garkuwar Reliant daga nesa, abin da Khan bai san da shi ba. Karo na biyu Spock ya yi magana a buɗe yana cewa gyara zai ɗauki kwanaki, alhali awoyi yake nufi, Khan na saurare ya hau. Na uku a cikin Mutara, wani ƙaton hazo a sararin sama, inda na'urori ba sa gani. Spock ya lura Khan na yaƙi kamar wanda ke kan ƙasa ko teku, gaba da baya, hagu da dama, ya manta a sararin sama akwai sama da ƙasa. Enterprise ta nitse, ta ɓullo masa ta baya. Ko shiga hazon ma, Joachim ya hana shi, Kirk ya yi masa gori ta na'ura, ya kasa haɗiyewa.

An ce 1996 ya gudu. Ai mun wuce 1996, ba mu ga wani Khan ba.

A 1967 shekarar 1996 nesa take. Masu shirin sun yi ta fama da wannan daga baya. A wata fitowa ta Star Trek: Strange New Worlds ta 2023, an nuna cewa masu tafiya cikin lokaci sun yi ta taɓa tarihi har zamanin Khan ya matso gaba, aka nuna shi yana yaro a Toronto. A shirin akwai jami'a La'an Noonien-Singh, jikanyar zuriyarsa.

Mutuwar Spock fa, tana da alaƙa da fitowar?

Kai tsaye. Da Khan ya ga ya sha kaye sai ya kunna Genesis don ya tafi da kowa. Injin gudun Enterprise ya lalace, Spock ya shiga ɗakin da ke cike da tururin nukiliya ya gyara da hannunsa, kumbo ya tsira, shi ya mutu, gilashi tsakaninsa da Kirk. Ka tuna wanda ya ƙi yaba Khan a 1967, ka tuna wanda ya ce zai so ya ga abin da irin zai tsiro. Shi ne ya biya. A daren da muka kalla, da aka zo wurin nan, ko ƙarar cokali a kofi ba ka ji.

An dawo da shi a fim na uku, The Search for Spock, na 1984, wanda Nimoy da kansa ya ba da umarni, labarin ya ƙarasa a na huɗu a 1986.

Na ga wani Khan Bature a fim ɗin 2013. Shi ne wannan?

Star Trek Into Darkness ke nan, na J.J. Abrams, Benedict Cumberbatch ya fito a matsayin Khan. Labarin a wani reshen tarihi daban yake, inda wasu ne suka tsinci kumbon ba Kirk ba. Sun riƙe lambar 72, sun kuma juya wurin gilashin, Kirk a ciki Spock a waje. A ganina bai yi nauyi ba, domin wannan Kirk da wannan Khan ba su da tsohuwar ƙullalliya, yau suka haɗu. Matasan majalisar sun fi son sa saboda faɗa da gudu, ban hana su ba.

Yallaɓai, ana iya kallo da yara? Kuma da wanne za a fara?

Wurin da ake sa ƙwaro a kunne yana firgita yara, har manya na ga sun toshe kunnuwansu da hula. Akwai gawarwaki a tashar Regula I, akwai kuma 'yan gajerun tufafin mata a fitowar 1967. Ƙananan yara dai a bari su ƙara girma. Tsarin kuwa, a fara da "Space Seed", a huta a sha shayi, a ɗora da fim ɗin 1982, duka biyun ba su kai awa uku ba. In an samu mai rubutun Turanci a ƙasa ya fi, don Khan da baitocin tsofaffin littattafai yake magana. Asabar mai zuwa na uku za mu sa, wanda zai zo ya taho da bargonsa.